Kalangu Ya Kira Ni, Na Amsa

Ni ɗan mahauta ne, kuma duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san kalangu gangar mahauta ce tun asali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙasar Zazzau ne. Ya zo Kaduna neman abinci tun kafin a ba Nijeriya mulkin kai, ya zauna a Tudun Wada, a nan aka haife ni a farkon shekarun 1960. A gidanmu kiɗa ba baƙo ba ne. Ranar da aka yi babban yanka, makaɗi yakan zo bakin rumfa ya rataya kalangunsa, ya riƙa kiran mahauta ɗaya bayan ɗaya da takensu, mutanen unguwa kuma da sun ji sun san yau akwai nama mai kyau. Kowane babban mahauci da takensa. Na mahaifina na san shi tun ban iya ɗaura wando ba.

Ta wajen Inna kuwa, a bakin turmi na fara jin yadda ake raba kiɗa. Idan ita da abokiyar zamanta da wata maƙwabciya suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya uku ke sauka, ba wadda ke karo da 'yar'uwarta. Wata ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke ta daidai lokacin da ya kamata. Ba wanda ya kira wannan rawa, aikin gida ne, amma yawancin abin da na zo na koyar da yara daga baya yana cikin turmin nan: ka san lokacinka, ka san na ɗan'uwanka, kada ka shiga nasa. Da daddare idan farin wata ya fito, 'yanmatan unguwa su fita dandali su yi gaɗa, mu yara maza muna gefe muna kwaikwayon takun samari. A lokacin Tudun Wada ba ta cushe haka ba, akwai fili.

Shekarar 1977 ce ta raba ni da wuƙa. A shekarar aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu. Yawancin shagalin a Legas aka yi shi, daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, amma hawan daba Kaduna aka kawo shi, kuma saboda baƙin bikin ne aka gina otal ɗin Durbar. Sarakuna suka zo da dawakai da raƙuma daga ko'ina a Arewa, gari ya cika ba masaka tsinke. Mutane suna tuna dawakin da lifidi da sulke. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen ƙasa, masu tafiya gaba da bayan dawakin: 'yan tauri suna gwada wuƙa a jikinsu, 'yan hoto suna cilla garma sama suna tare ta, da samari masu akayau a ƙafa, ƙura ta rufe su amma takunsu bai ɓace ba. Na ga baƙi daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba sun miƙe tsaye suna tafa wa abin da mu a unguwa ake korar mu idan muna yi. Na koma gida a ranar da wani abu a ƙirjina wanda ban san yadda zan faɗe shi ba.

Akwai wani dattijo Bakano a Unguwar Shanu da ke riƙe da ƙungiyar 'yan koroso. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan ce masa a nan. Na fara zuwa wurinsa a ɓoye bayan an tashi daga makaranta. Ba a daɗe ba labari ya je kunnen mahaifina, ya kira ni bayan sallar Isha'i ya ce, "Rawa? A gidan nan? Mu ake yi wa kiɗa mu ba da kyauta, ba mu ake liƙa wa ba." Ban ɗaga kai ba. Baffana ne, ƙanensa, ya sa baki bayan kwanaki. Ya ce masa, "Yaya, yaron nan ko ka hana shi zai je, gara ya je da saninka, ka sa masa iyaka." Iyakar da aka sa mini ita ce in gama makaranta, in riƙa taya shi aiki a rumfa da safe ranar da babu karatu, kada sallah ta wuce ni saboda wasa, kuma kada in kusanci abin maye. Har yau a kan wannan iyaka nake, kuma ita nake ɗora wa duk yaron da ya zo hannuna.

Baba bai bar ni na taka ba da wuri. Jaka nake ɗauka, in ɗaura wa manya cakansami, wato abin da ke kaɗawa idan an taka, a ƙafa, in kwance musu idan an gama, in shanya kayan rawa. Idan aka fara kiɗa na motsa, sai ya dube ni ya ce, "Yaro, zauna ka ji." Na zauna na ji har na gaji da ji. Sai wata rana ya sa makaɗi ya kaɗa wani salo, ya ce in faɗa masa da baki me gangar ta ce. Na faɗa. Ya sa aka sauya, na faɗa. Sannan ya ce in tashi.

Koroso rawa ce ta Kano, an haɗa ta daga rawar Fulani da ta Hausawa, ana yin ta bibbiyu, ga sarewa ga ganga ga abin da ke kaɗawa a ƙafa. Tana son ƙuruciya, don akwai saurin ƙafa da tsalle da lanƙwasa jiki da ɗaga abokin rawa, wanda bai da numfashi ba ya kai ƙarshenta. Mai kallo yana ganin alkafura da tsalle ya yi ta ihu. Baba kuwa ba ya kallon sama, ƙasa yake kallo. A wurinsa, idan cakansamin mutum shida suka kaɗa aka ji shi ɗaya, an yi rawa. Idan aka ji shi shida, ko wa ya tashi sama ya taɓo rufi, ba a yi komai ba.

A wurin Baba na haɗu da mutumin da ya zama rabin sana'ata. Sa'ana ne, ɗan gidan makaɗa, kalangu ya gada kaka da kakanni. Daga baya shi muka naɗa sarkin kiɗan ƙungiyarmu, don haka Sarki nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan fawa. Ina so wanda bai sani ba ya fahimci abin da ke tsakanin makaɗi da mai rawa, don a nan duk maganata take. Kalangu ana rataya shi ne a sa shi a hammata. Tsarkiya ce ta haɗa fatar baki biyu, idan makaɗi ya matse ta da hannu murya ta hau, idan ya saki ta sauka. Hausa kuma harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya faɗin magana, ya yi kirari, ya kira suna, ya yi habaici, har ya yi zambo. Ga ƙananan ganguna, ɗan karɓi da kuntuku, a gefe suna riƙe masa gindin kiɗa, shi kuma yana yawo a samansu. To makaɗin ƙwarai idonsa a kan ƙafar mai rawa yake. Zai jefo maka kira, ka amsa da taku. Idan ka kawo wani juyi da bai zata ba, ya bi ka, ya mayar maka da shi da ƙari. Idan ya ga numfashinka ya yi sama, ya sassauta ba tare da 'yan kallo sun gane ba. Idan yaro ya ɓata taku, ya lulluɓe masa da wani salo har ya dawo hanya. Sarki ya san gwiwata ta hagu ta fara ciwo tun kafin in faɗa wa iyalina, a taku ya ji.

Rawa ba ta ciyar da mu a lokacin, don haka a farkon shekarun 1980 na sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamani ba ba zai gane ba. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko, wasu suka biyo baya, dubban mutane ke cin abinci a wurin. Idan aka yi canjin aiki, masu shiga da masu fita su cika titi da kekuna. Kuma Nijeriya ce gaba ɗaya a cikin ɗaki ɗaya: Bahaushe da Tibi da Bajju da Ham da Atyap da Gbagyi da Banufe da Bayarabe da Ibo, kowa a bakin injinsa. Idan ƙarshen shekara ya zo, kowace ƙungiyar ƙabila ta fito da rawarta. A nan na buɗe ido. Wani abokin aikina ɗan Tibi ya koya mini suwange, rawar da ke fitowa daga ƙugu da kafaɗa a hankali, jiki yana tafiya ba gaggawa, su da zanensu mai ratsin baƙi da fari. Na sha wuya a kanta, don koroso ta saba mini da sauri. Wani kuma ɗan Kagoro ya ɗauke ni zuwa garinsu bikin Afan, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara, na ga yadda gari guda ke taka ƙasa tare, da ƙaho da ganga, tsoho da yaro a layi ɗaya. Na je Kwoi na ga Tuk Ham, bikin mutanen Ham. Duk inda na je, makaɗa nake fara nema in zauna kusa da su, yadda Baba ya koya mini. Ban taɓa ɗaukar rawar wasu na sa a fage ba sai da mai ita ya tsaya a kaina ya ce ta yi.

Sai maganar aure. Yarinyar da na fara nema, an kai gaisuwa, an yi bincike, sai mahaifinta ya aiko cewa ba ya ba ɗan rawa 'yarsa. Ina da aikin albashi, ba a taɓa kama ni da abin kunya ba, amma kalmar nan ita kaɗai ta isa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yanzu idan wani yarona ya zo mini da irin wannan labari sai in ji shi sabo. Mutanenmu suna son rawa a bikin 'ya'yansu, su yi liƙi, su yi guɗa, amma ba sa son mai rawa a zuri'arsu. Allah ya haɗa ni da uwar 'ya'yana daga baya. Mahaifinta da aka gaya masa sana'ata, cewa ya yi, "Yana sallah? Yana ciyarwa? To ku turo." Ita ce ta riƙa ɗinke mana kayan rawa da kekenta shekara da shekaru.

An sha ɗaukar mu cikin tawagar jiha zuwa bikin al'adu na ƙasa, wanda aka fara a 1970 bayan yaƙin basasa don a sake haɗa kan mutane, ana kai shi jiha jiha. A can na ga atilogwu ta Ibo da bata ta Yarabawa daga hannun masu su, na ga 'yan Jarawa na Filato da sarewarsu. Mun ci kyaututtuka, mun kuma kwana a ajin makaranta a kan tabarma, mun dawo gida muna bin bashin kuɗin da aka yi mana alkawari har muka gaji da bi. Ba zan kama sunan kowa ba. Abin da zan ce shi ne, ana tuna mai rawa ne ranar da babban baƙo zai sauka a filin jirgi, a jera mu cikin rana tun hantsi, a yi minti biyar ana kallon mu, a wuce. Na ji labarin ƙasar Gini, yadda ƙungiyar rawar da Keita Fodeba ya kafa a Faris a 1952 ta zama ta ƙasa bayan sun sami 'yanci a 1958, ta zaga duniya da sunan ƙasarsu. Mu ma an kafa ƙungiyar ƙasa, marigayi Hubert Ogunde ne ya fara jagorantar ta, amma tsakanin Legas da ɗan koroso na Unguwar Shanu tafiya ce mai nisa.

Tafiyar da ta fi zauna mini ita ce ta Gana. Wasu Hausawan zango ne suka gayyace mu biki, daga nan aka kai mu Tamale, ƙasar Dagomba, aka yi dace lokacin bikin Damba ne, cikin watan Mauludi. Na ga takai irin tasu: maza cikin manyan riguna saƙi, suna zagayawa, kowa da ɗan sandan ƙarfe a hannu, ya juya ya buga da na gabansa, ya juya ya buga da na bayansa, riga tana buɗewa. Mu ma muna da takai ta sanduna a ƙasar Hausa, sai na ji ni a gida. Gangarsu, lunga, 'yar'uwar kalangu ce, a hammata ake matse ta. Amma abin da ya girgiza ni shi ne matsayin makaɗi a wurinsu. Shi ne ma'ajin tarihi, shi ke riƙe da sunayen sarakuna da asalinsu, ana zama a saurare shi. Abokina Sarki ya zauna da tsofaffin makaɗansu, ba ya jin Dagbanci, amma suka yi ta musayar kiɗa har dare ya raba. A mota muna dawowa ya ce mini, "Ɗan fawa, ashe akwai inda ake tashi tsaye idan makaɗi ya shigo."

A watan Fabrairun 2000 Kaduna ta kama da wuta, aka sake a Nuwamban 2002. Ba zan ba da labarin abin da idona ya gani ba, duk ɗan Kaduna yana da nasa. Ƙungiyarmu a lokacin gauraye take, akwai Musulmi akwai Kirista, kuma a tsakar gida ɗaya muke gwaji. Bayan rikicin kowa ya kwashe iyalinsa ya koma inda yake ganin zai kwana da ido biyu rufe, wasu suka haye kogi zuwa kudu, su Sabon Tasha da Television, wasu suka dawo arewa, su Tudun Wada da Rigasa. Gada ce kawai a tsakani, amma ta yi mana nisa. Mun daɗe ba mu haɗu ba. Wanda ya fara tsallakowa wani ɗan Bajju ne da ke busa mana ƙaho. Ya zo har ƙofar gidana da rana tsaka, ya yi sallama, na fito muka rungume juna muna kuka a gaban yara. Muka koma gwaji a tsakiyar gari, inda kowa zai iya zuwa ya koma gida kafin magariba. Ba mu dawo yadda muke ba, wasu sun rasu, wasu sun bar garin, amma mun dawo.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na wayi gari ba aiki, ga iyali. Abin da nake yi don so ya zama shi ne tukunyar gidana. Na fara bin makarantu, na firamare da na sakandare, ina koya wa yara rawa idan ranar al'adu ta gabato ko bikin yaye ɗalibai. Daga nan aka san ni da malamin rawa, sunan da ban taɓa zaton za a kira ni da shi ba.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi damuna a sana'ar nan, ya fi rashin kuɗi, ya fi gorin ɗan rawa. Sai shugabar makaranta ta kira ni ta ce, "Malam, mako biyu ya rage, ga yara, ga sifika, ga waƙar a waya." In ce, "Hajiya, ina makaɗi?" Ta ce kuɗin makaɗi ya yi yawa, ai ga kiɗa nan an naɗa. Ban raina waƙoƙin zamani ba, 'ya'yana suna ji, kuma masu yin su suna neman halalinsu. Amma rawa da kiɗan da aka naɗa kamar gaisuwa ce da wanda ba ya amsawa. Sifika ba ta ganin ƙafar yaro. Ba ta sanin ya gaji, ba ta sanin yau jikinsa ya yi daɗi a ƙara masa wuta. Yaro ya haddace motsi, ɗaya biyu uku juya, ya yi shi daidai, iyaye su ɗauka a waya, amma in ka kashe sifikar ka sa masa kalangu a gaba sai ya tsaya yana kallon ka. Haka bukukuwa suka koma. Da, gidan biki sai da makaɗa, mata a ciki da kiɗan ƙwarya, samari a waje da kalangu. Yanzu mutum ɗaya da kwamfuta ya wadatar, makaɗa suna zaune a gida.

Don haka na kafa wa kaina doka: duk inda za a kira ni koyarwa, da makaɗi zan je, ko da daga cikin kuɗina zan biya shi. Na rasa ayyuka saboda wannan, ban yi nadama ba. Kuma yadda aka koya mini haka nake koyarwa. Yara su cire takalma su zauna a ƙasa. Makaɗi ya kaɗa, su tafa. In raba su gida biyu, waɗannan su riƙe gindin kiɗa, waɗancan su shiga tsakani, kowa ya tsare nasa. Sannan su tashi su yi tafiya kawai, tafiyar da suka saba, amma a kan kiɗa. A tafiyar nan nake gane kowa: mai tsoro, mai gaggawa, mai kunne. Sau da yawa yaron da malamai suka ce ba ya gane karatu shi ke fara kama kiɗa, kuma na ga yadda hakan ke ɗaga masa kai har a cikin aji. Ba na ɗaura wa yaro cakansami sai takunsa ya zauna, don cakansami ba ya rufa asiri, duk kuskuren ƙafa sai ya faɗa. Ranar da na durƙusa na ɗaura wa yaro da hannuna, shi da iyayensa sun san ya kai.

Ina kuma gaya musu daga ina kowace rawa ta fito. Wannan ta manoma ce, daga gayya ta zo, shi ya sa ake sunkuyawa, hannu yana bin garma. Wannan ta maharba ce, shi ya sa ake sanɗa. Wannan ta 'yanmata ce a dandali, ba a yin ta da fuska a ɗaure. Yaron da aka haifa a Kaduna, bai taɓa riƙe fartanya ba, idan bai san wannan ba sai ya yi motsin ba nauyi.

Ana yawan tambaya ta batun addini, kuma ba na guje wa tambayar. Ni Musulmi ne, na yi karatun allo, ina da malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa har yanzu. Na san malamai sun yi magana a kan kiɗa, wasu sun tsananta wasu sun sassauta, kuma ba ni da ilimin da zan shiga tsakaninsu. Abin da ke hannuna shi nake tsarewa. Ba na zuwa inda ake shaye-shaye. Ba na taɓa abin da ya shafi bori. 'Yanmatan da nake koya wa suna rawa cikin sutura, da izinin iyayensu, kuma matata ko wata babbar ɗalibata tana wurin. Idan aka kira sallah, kalangu yana sauka daga kafaɗa. A kan haka nake fatan Allah ya karɓi uzurina, ya yafe abin da na kasa.

Sarki ya rasu bayan gajeruwar jinya. Mun fara tare muna samari, mun yi furfura tare. Bayan an yi addu'ar bakwai, uwargidansa ta aiko a kira ni, ta sa aka fito da kalangunsa ta ce, "Baban yara, ga amanar abokinka. 'Ya'yansa ba mai so." Gaskiya ta faɗa, kuma ban ga laifinsu ba. Sun ga yadda ubansu ya ƙare ba shi da ko fili, ɗaya yana tuƙa keke napep, ɗaya yana gyaran waya a kasuwa, suna rufa wa kansu asiri. Amma gidan da aka yi ta kaɗa kalangu tun kakanni, a kansa aka tsaya. Takensu na mahauta, da na 'yan dambe, da salon asauwara irin na da, da kirarin mutanen da suka daɗe da mutuwa, duk a kansa suke, ba a rubuce ba, ba a naɗe ba. Na daɗe ban iya shiga fage ba bayan rasuwarsa. Na gwada da wasu makaɗa, mutanen kirki ne, sun iya, amma sai in jefa ƙafa inda na san zai tare ni in ji ba kowa.

Cikin yaran da nake koya wa a Rigasa akwai wani maraya, ba ya cikin masu iya rawa, amma kullum idan an tashi sai in same shi yana kaɗa bayan bokiti, kuma abin da aka kaɗa a ranar yake maimaitawa ba kuskure. Na je na sami kakarsa na gaishe ta, na ce, "Iya, ina roƙon ki ba ni aron jikanki." Ta ce, "Makaɗi za ka mayar mini da shi?" Na ce, "Makaɗi mai karatu, in Allah ya yarda. Kuɗin makarantarsa a wuyana." Ta yi shiru, sannan ta ce in je za ta yi shawara da kawunsa. Sun yarda. Na kai kalangun Sarki aka sauya masa fata da tsarkiya, na damƙa wa yaron. Ni ba makaɗi ba ne, ba zan iya koya masa hannu ba, amma duk abin da Sarki ya kaɗa yana kunnena, sai in faɗa masa da baki shi kuma ya nemo shi a ganga. Wani lokaci mu wuni a kan salo ɗaya. Ranar da ya fara jefo mini kira da kansa, ba wanda na koya masa ba, na amsa masa da wannan gwiwar tawa mai ciwo.

Yanzu ba na tsalle, manyan ɗalibaina ke shiga fage, ni ina gefe ina kallon ƙasa. Wasu daga cikinsu sun buɗe nasu wuraren. Akwai wata 'yar Atyap da ta taso a hannuna, tana koyar da yara a Sabon Tasha, takan kawo su wurinmu mu haɗa gwaji, mu ma mu je wurinsu. Ita ce ta matsa mini a kan mu riƙa naɗar tsofaffin makaɗa a waya tun suna raye, ba don a yi rawa da abin da aka naɗa ba, sai don yaro mai koyo ya ji hannun manya. Mun fara da wani tsoho a Kawo. An kwatanta mana wani a cikin birnin Zariya da aka ce har yanzu yana riƙe da taken mahautan da, na wajen su mahaifina. Bayan Sallah za mu je da yaron, in Allah ya kai mu, na riga na aika a gaya masa muna tafe.